Pak Sutikno, Mai Tambayar Sunan Yanka

"Sunana za ka sa, Pak Sutikno! Yayana ya rasu, ni ne namijin gidan!" in ji Darmaji, yana dukan tebur.

"A hankali, Mas Darmaji, teburin nan ya girme ka," in ji tsohon, ko ɗagowa bai yi ba.

Ni kuwa ina bakin ƙofa da butata. Wai kofi na kawo. Kunne na kawo.

Duk wanda bai san Pak Sutikno ba, wato Baba Sutikno, a garinmu Jepara, bai taɓa miƙa katin kasuwanci ba. Tun ina da haƙorana yake buɗe shagon ɗab'insa da hantsi, ya goge tabarau, ya shafa takarda da yatsa kamar mai zaɓen zanen aure. Ba ya cika wa kati kwalliya. Gefe da gefe yakan bar fili, tunda da hannu biyu muke miƙa kati, shi kuma ya rantse babban yatsa ba zai danne sunan ɗan mutane ba. Masassaƙa, direbobi, har mai tausar unguwarmu, duk ya fitar da su kunya. Wannan watan zai ajiye aiki, ido ya gaji.

To ga tushen rigimar. Marigayi Harjo, yayan Darmaji, ya bar masana'antar kujeru, kuma gari ya shaida matarsa ce ke sayo katako, ita ke tsaye kan ma'aikata. Baje kolin Jakarta ya matso, wanda sunansa ya hau kati shi baƙi za su kira mai masana'anta. Baiwar Allah tana rakuɓe a lungu, ta ce, "Rubuta Bu Harjo kawai, Pak, wato matar Harjo, yadda kowa ke kirana."

"Harjo ya daina ɗaukar waya, Bu. Ke wane suna aka raɗa miki?"

Wallahi ni da na san abin da aka dafa a kowane gida, ban san sunan nan ba.

"Ngatinem," ta ce ƙasa-ƙasa. "Sunan ƙauye ne."

"Katakon ma daga ƙauye yake zuwa."

Kai ne, Sutikno, mai ɗaga sunan da aka binne da rai! Mun gode, mu matan da aka manta yadda iyayenmu suka kira mu. Ku masu gadon injinsa, ku gaji bakinsa, ku riƙa tambaya kafin ku buga.

Nan take ya fitar da katin gwaji: takarda mai kauri, launin katako, NGATINEM ɓaro-ɓaro a tsakiya. Ta jima tana kallo. Sai ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta miƙa wa ƙanen mijin da hannu biyu.

"In kana neman aiki, Dik ƙanena, ga lambata."

Darmaji ya fice, ya bugo ƙofa har kalanda ta faɗo. Kofinsa ni na shanye.