Hoton Cikin Rumbun Baba

Cikin duk abubuwan da na gani tun da na fara aikin sa-kai a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara, akwai guda ɗaya da na san ba zai fita daga raina ba ko da tsufa ya kwashe sauran. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma wanda ya zagi wani. Hoto ne kawai, na cikin rumbu.

A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gefen Minjibir. In an tashi daga makaranta sai in nemi inda sabis ke kamawa, yawanci gindin wata ɗorawa a bakin hanya, in zauna in yi rubutu da waya. Mu uku ne muka fi haɗuwa a kan maƙalolin noma. Da ni, da wata ma'aikaciyar jinya a Ɗanbatta da muke kira Anti, sai wani dattijon edita da babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu. Ana dai cewa tsohon malamin makaranta ne. Mun sa masa Jan Biro, domin ko aya ka ajiye a karkace sai ya biyo ka shafin tattaunawa ya yi maka sallama, ya tambayi iyali, sannan ya nuna maka ita. Mutum ne mai ladabi, amma ladabinsa ya fi tsawa gajiyarwa.

Damina ce, an gama noman firi, wato noman farko, muka ɗauki maƙalar rumbu. Anti ta nemo abin da ke cikin littattafai, ni kuma na kawo na gani da ido: yadda ake ɗora rumbun ƙasa a kan duwatsu saboda gara da laima, yadda ake kwaɓa ƙasar da ciyawa, da jinkar da ake kifa masa a ka. Na ɗauki hoton rumbun wani dattijo maƙwabcinmu daga waje na ɗora. Mun zaci mun gama. Sai ga Jan Biro: "Sannunku da ƙoƙari. Amma yaron da aka haifa a birni ya karanta wannan, har yanzu bai san yadda cikin rumbu yake ba. Ko za a samu hoton ciki?" Anti ta ce gaskiya ne. Ni ma na ce gaskiya ne, don gaskiyar ce.

Dattijon nan kowa Baba yake ce masa. 'Yan gidansu tsofaffin manoma ne da suka daɗe a kan addinin kakanni, daga baya suka shiga coci, kuma mun tashi mun tarar gonarmu da tasu iyaka ɗaya. Shi ya gina rumbun da hannunsa, ya yi masa zanen tafin hannu zagaye da wuyansa, ga tsamiya a bayansa. Abin da aka san shi da shi a yankin shi ne hatsinsa ba ya ƙarewa. Ana cewa sabon gero kan tarar da tsoho a rumbunsa. Idan damina ta yi tsakiya abinci ya yanke wa mutum, ko irin shuka ya ƙi fitowa, wurin Baba ake zuwa da sassafe, a gaisa, a yi ta kewaye-kewaye, a fito da dami a ka. Ba sarauta gare shi ba, ba kuɗi ba. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Na same shi yana wasa fartanya a ƙofar gida, na faɗa masa buƙatata. Ya ajiye fartanyar. A wurinmu ba a leƙa rumbun mutum. Ko matar gida ba ta hawa, maigida ne ke shiga ya fito da abin da za a sussuka ya miƙa.

"Malam, wa zai gani?" ya tambaye ni.

"Duniya, Baba. Har ƙasashen da ba su taɓa ganin gero ba."

Ya yi dariya. "To, su ai ba su san ni ba. Amma kai ba za ka hau ba."

Shi ya nemo mafitar da kansa. Ya jingina tsani, ya hau, ya ɗaga jinka, na miƙa masa wayar na nuna masa inda zai danna. Ya zura hannu ciki, ya kau da kai gefe kamar mai ɗibar zuma, ya danna, haske ya walƙa. Ya sauko yana murmushi, a ganinsa babu idon da ya shiga rumbunsa. Bai nemi ganin hoton ba, ga shi dama idanun sun fara rauni.

Hoton ya fita tsaf. Ga shafen bango sumul, ga katangar da ta raba gero da dawa, ga 'yan dammuna kaɗan a can ƙasa, kwance a kusurwa. Na gan su, amma idona a kan gini yake. Wanda ya kwana biyu yana aikin maƙala, komai ya gani sai ya zame masa misali. Anti ta rubuta bayani a ƙarƙashinsa cewa cikin rumbun ƙasa ne a wani ƙauye kusa da Minjibir. Jan Biro kuwa, wanda yabonsa ya fi ruwan watan bazara wuya, ya rubuta: "Madalla. Ya ƙara kyau da yake babu hatsi da yawa da zai tare ginin." Mu ukun nan, da karatunmu da komai, haka muka kalli yunwar mutum muka yaba tsarinta.

Duniyar da na yi wa Baba alkawari ba ta yi saurin zuwa ba. Wanda ya fara zuwa wani ɗan garinmu ne da ke aiki a Kano. Ya ci karo da maƙalar, murna ta kama shi, ya kwafi hotunan biyu ya tura zauren 'yan gari na waya, ya ce ga rumbun ƙauyenmu ya shiga intanet. Ba a buƙaci suna ba. Zanen tafin hannu da tsamiya sun isa. Zauren da ko akuya ta ɓata sai an yi ta surutu, ranar shiru ya yi.

Ni a bakin matata na ji. Tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ashe haka Baba yake ciki?" Na ce ciki me? Ta ce mata sun gani a wayar 'ya'yansu. Ashe ruwan bara da ya ɗauke da wuri ya taɓa shi fiye da yadda aka zata, ga ciyawar ƙuduji ta ci rabin dawarsa, shi kuwa bai fasa bayarwa ba, don mai irin sunansa ba ya cewa babu. Kuma ga shi ya riga ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu, alhali a al'ada mai gona ne ke ciyar da 'yan gayya.

Na koma gindin ɗorawa na rubuta a shafin tattaunawa cewa a cire hoton. Jan Biro ya amsa da ladabinsa na kullum. Ya ce mai rumbu ya ba da izini, babu fuska, babu suna, kuma an saki hoton ne don kowa ya amfana. Ya ce in aka fara cire abu don wani bai ji daɗi ba, kundin ba zai tsaya ba. Anti ta ce ita a asibiti ko majiyyaci ya yarda a ɗauki hoton ciwonsa, sai an tabbatar ya san inda hoton zai je. Wani edita da ke zaune a ƙasar waje ya shigo ya tambaya, da zuciya ɗaya, mene ne abin kunya a ɗakin ajiya da ya kusa ƙarewa, ai cikawa ake yi. Babu mugu a cikinsu. Kowa yana kan gaskiyarsa, hoton kuma yana nan.

Sai na daina roƙo, na zauna na rubuta musu abin da rumbu yake a wurinmu. Na ce ba ɗakin ajiya ba ne kawai. Na ce dalilin da ya sa ake yi masa ƙofa a sama, a rufe da jinka, ba don ɓera da ruwa ba ne kaɗai. Maƙwabci yana iya sanin yawan awakinka da faɗin gonarka, amma abin da ya rage a rumbu tsakaninka da Mahaliccinka ne, kuma da wannan rashin sanin ake zaman mutunci, mai shi da marar shi su zauna a tabarma ɗaya. Na faɗi yadda Baba ya hau tsani da kansa ya kau da kai. Na yi tsawo sosai, har caji ya kusa ƙarewa.

Amsar Jan Biro gajera ce. "Na cire shi daga maƙalar, na kuma nemi a goge shi daga ma'ajiyar hotuna. Amma abin da ka rubuta nan shi ne abin da maƙalar ta rasa. Mun faɗi ƙasa da ciyawa da duwatsu, ba mu faɗi rumbu ba. A nemo madogara a rubuce a saka shi." Ko a wannan hali bai manta da madogara ba. Anti ta samo ta a wani tsohon littafi kan zaman karkara, muka ƙara sashe guda a kan sirrin rumbu. A shafi dai gyara ya kammala, cikin ruwan sanyi.

A gari kuwa babu wurin dannawa a goge. Babu wanda ya ce wa Baba uffan. Abin da ya faru shi ne masu zuwa da sassafe sun daina zuwa. Ranar gayya ta zo, na ɗauki fartanyata na tafi. Ban taɓa ganin gonarsa ta cika haka ba, Musulmi da Kirista, har waɗanda ba a gayyata ba. Sai dai kowa da ƙunshinsa. Wannan da fura a jarka, wancan da ɗanwake a roba, wani da dambu a leda, kowa ya rataye nasa a reshe yana cewa wai uwargida ce ta matsa masa. Da rana ta take, matan gidan Baba suka iso da tuwo da kunu daidai yadda aka saba, ban san me aka sayar aka yi shi ba. Mutane suka ɗan taɓa don kada a ce sun ƙi, kowa ya koma kan guzurinsa. Ƙwaryar tuwo ta koma gida da nauyinta.

Baba yana tsaye a inuwar kanya yana kallo. Na matsa kusa da shi. Bai dube ni ba ya ce, "Malam, yau an yi mini gayya da guzuri." Na fara ba shi haƙuri, na ce an cire hoton. Ya ce, "Na ji. Ai ba ku yi ƙarya ba. Ni ne na ɗauka duniya nesa take." Ba fushi a muryarsa, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji tausayinsa, wanda shi ne ainihin abin da ba ya so a ji.

Daminar ta yi kyau. Da kaka, bayan an ɗaure gero an kai gida, ya aiko a kira ni. Na tarar ya jingina tsani. Ya ce, "Kawo wayar. Sun ga babu, su ga akwai." Ya hau, ya ɗaga jinka, wannan karon bai kau da kai ba, hannunsa ma bai shiga ba don dammuna sun kai wuya. Na kai hoton shafin tattaunawa kafin in ɗora. Jan Biro ya tambaya ko mai shi ya san 'yan garinsu za su gani. Na ce don su ya ɗauka. Ya ce to a saka, ko da yake ba a ganin ginin ko kaɗan.

Hoton yana nan a maƙalar har yau, Baba kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Abin da na lura shi ne, babu wanda ya taɓa tura wannan na biyun zauren gari. Ni na tura da kaina, mutum biyu ko uku suka ce madalla, aka ci gaba da zancen takin zamani. Masu zuwa da sassafe sun dawo daga baya, amma da wata sabuwar gaisuwa da ba a yi masa a da: "Baba, in dai da hali."

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to hoto ma haka yake. Har yanzu ina rubutu a kundin, har ma ni ne nake bin sababbin editoci da jan biro. Idan wani ya kawo hoto ya ce mai shi ya yarda, ba na tambayar ko ya san duniya za ta gani, wannan kowa na yarda da shi da sauƙi. Abin da na koya in tambaya shi ne ko ya san maƙwabcinsa zai gani.