Ƙafar da Gwaggo Ta Ƙi Taɓawa

Gwaggona mai tausa ce. A ɗakinta na gaba akwai tabarma da kwalbar mai da benci inda mata ke jira: masu jego, masu wankau, 'yan kasuwar da suka wuni a tsaye. Ba ta da yawan magana. Mijinta tela ne. Duk yamma in ya rufe keke sai ya miƙa mata ƙafafu ta tausa masa.

Shekarar da cutar numfashi ta shigo gari, ta kama shi. Aka kwantar da shi a asibiti, a ɗakin waɗanda jikinsu ya yi tsanani, da robar iska a hanci, ba mai shiga. Da ya ɗan farfaɗo aka mayar da shi babban ɗaki, aka ba ta kujera kusa da gado.

A nan ta ga ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ƙwaurin ya ɗau zafi. Har ta buɗe kwalbar mai, sai wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe mata hannu. Ta ce ƙwayar cutar kan sa jini ya daskare a jijiya, ga kuma doguwar kwanciya. In aka matsa, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, kafin a kira likita rai ya yi halinsa. Allura ce za ta yi aikin, ita ma a hankali.

Gwaggo ta rufe kwalbar. Tela bai ji bayanin ba, ko ya ji bai yarda ba. Kullum sai ya turo ƙafar daga ƙarƙashin mayafi.

"Baiwar Allah, sai na bi layi ne?"

"Ko ka bi."

Ya ce ta tausa rabin gari, amma shi za ta bari ya mutu da tsamin jiki. Ya roƙa, ya yi fushi, ya juya fuska bango. Ranar da na kai musu abinci na tarar yana nishi, ita kuwa ta zauna a kan tafukan hannunta.

Kumburin ya riƙa sacewa kaɗan-kaɗan. Aka sallame shi da ƙwayoyin tsinka jini da gargaɗin ya yi hankali da almakashi, don in ya yanke jinin zai yi wuyar tsayawa.

Har yau in aka zo gaishe shi yakan ba da labarin yadda matarsa ta ƙi shi a gadon asibiti. Ba ta musa masa. Sau ɗaya na ji ta amsa, tana shara, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka dai rayu kana faɗa."