Ranar da Rigar Donya Eduviges Ta Yi Tafiya

Duk wanda ya rasu a unguwar Rebolo, in dai danginsa na so ya shiga akwati da kwalliyarsa, to gidan Donya Eduviges Palomino ake nufa. Ita ke ɗinka wa mamata kayan tafiya, kwat ga maza, doguwar riga ga mata, kowanne da wuya mai sitaci, tsaye ƙiƙam kamar kwali, don kada haɓa ta faɗo a gaban 'yan gaisuwa. Tun tana budurwa take wannan sana'a har kanta ya yi fari fat, kuma ba a taɓa maido mata da ɗinki ba.

To, abin da ke cin ta ke nan.

"Nicolasa, ko mutum ɗaya bai taɓa ce mini ya yi masa daidai ba," takan gaya wa maƙwabciyarta mai suyar wainar masara.

"Ai bai ce ya matse shi ba, ƙawata."

"Shirun ne ba na so. Har Anacleto, mijin nan nawa da ya yi mitar gishirin miya har ranar da ya cika, na sa masa kwat ya yi mini gum."

Nicolasa ce ta ji a rediyo cewa bikin nunin tufafi na birnin Barranquilla ya zagayo, har da kyauta ga sababbin masu ɗinki. Donya Eduviges ba kyautar ce ta dame ta ba. Ta ji dai an ce mutane masu rai ne ke sa kayan, masu baki.

Da ta je neman shiga, shugaban gasar, Don Tiberio, ya dube ta ta saman tabarau.

"Iya, jikarki kika rako?"

"Kaina na kawo."

"Ta sababbi ce fa. An taɓa ganin wani yana yawo a titi da ɗinkinki?"

"Allah ya kiyaye."

Sai ya karɓe ta.

Aka haɗa ta da Yuranis, wata doguwar mace mai nuna kaya, wadda ta zo gwaji tana taunar cingam. Donya Eduviges ta share tebur ta ce, "Kwanta." Ta auna ta a kwance, ta ɗora mata hannuwa a ƙirji, har ta kai yatsu za ta rufe mata ido.

"Iya, da raina fa."

"Yi haƙuri 'yata, sabo ne."

Ranar biki, da la'asar, aka kafa dandamali a bakin kogi, 'yan kallo a gaba, ruwa a baya. Donya Eduviges ta zura wa Yuranis rigar ta gaba, yadda ta saba. Riga kam ta yi kyau, ruwan hoda, leshi har ƙasa. Sai Yuranis ta ji iskar kogi na shafa ta tun daga ƙeya har diddige.

"Iya, ina bayan rigar?"

"Wane baya kuma? Ai akwatin ne bayan."

Kafin su gama, an saki kiɗa, wani ya turo Yuranis waje. Ta taka a sanƙare, haɓa sama, hannuwa a ƙirji, don a nan aka ɗinke su. Da ta isa inda sauran ke juyawa sai ta tsaya cik. Ta dubi jama'a, jama'a suka dube ta. Sannan ta soma komawa da baya da baya, a hankali, ba ta ko ƙifta ido. Masuntan da ke cikin kwalekwale su kaɗai suka san gaskiyar magana, kuma su suka fara tafi.

Don Tiberio ya tashi yana share hawaye, ya ce wannan ita ce macen da ta ƙi juya wa rayuwa baya. Aka kira Donya Eduviges aka miƙa mata almakashin gilashi, kyautar sabuwar tela mafi alamar nisan kwana a sana'a. Ta cusa shi a jakar cefane ta ruga bayan labule.

"Faɗa mini, 'yata. Kada ki ji kunyata. Ya ya kika ji ta a jiki?"

Yuranis ta naɗe da zanen tebur, tana huci. "Bar maganar baya. Wuyan rigar nan taki ƙaiƙayi yake, kamar an zuba mini tururuwa."

Tsohuwa ta tuna rabin unguwa, kwance a kabari da irin wuyan nan. Sai ta kama fuskar Yuranis ta sumbace ta a goshi.

Washegari ta malalar da sitacinta a kwata, ta ja Nicolasa zuwa maƙabarta. Ta tsaya a kan kabarin Anacleto, hannu a ƙugu.

"Ashe ƙaiƙayi yake yi maka. Kai da ba ka iya shiru kan gishiri ba, wannan ne za ka haɗiye?"

Nicolasa ta dubi sauran kaburbura, ta sauke jakarta.

"Duk sai mun bi su?"

"Layi-layi. Fara daga can."