Tumbin Tulun Sabo

Sabo, maginin tukwane na Dagumawa, ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta rungume shi. Wai kunya! Har ya yi furfura "wancan" take ce masa.

A kan yumɓu yake huce haushi. In ya zauna gini, ko gobara ake ba ya ɗagowa.

Rannan ya aika mata da tulu. Tsohuwa ta rungume tulun tana shafawa, ta taɓe baki ta ce, "Ji tumbi, kamar na wancan!"

Sabo na leƙe daga zaure, sai hawaye. Tun daga ranar tulunansa sai ƙara tumbi suke yi. Masu saye suna ta mita. Su ta shafa.