Kwalba Mai Jan Zare

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Maris, 1996, da hantsi, Malam Umaru Kalgo ya rasu bayan jinyar kwana uku. Sanƙarau ne. Shi ne mai kula da ɗakin ajiyar allurar rigakafi a Gwandu, ni kuma nake koyar da ɗaliban kiwon lafiya da ake turo mana.

Malam, tun da aka kai ka makwancinka tsoro bai sake ni ba.

Mu mutanen rana ne, duk abin da ya ji sanyi a ganinmu ya tsira. Shi ya sa muke ɗaga lagwanin firjin kananzir, mu jingina kwalabe da ƙanƙara. Kai ka nuna mana cewa rigakafin tarin shiƙa, in ya daskare sau ɗaya, ya mutu, ko da ya narke ya koma kamar lafiyayye. Duk kayan da aka kawo sai ka ware kwalba guda, ka daskarar da ita da gangan, ka ɗaura mata jan zare. In ka yi shakkar wata, ka girgiza su tare, ka ajiye a bakin taga. Mai lafiya takan daɗe a gauraye kamar madara. Matacciya kuwa nan da nan take kwantawa, daidai da mai jan zare.

Na tuna ranar da muka kai rigakafi ƙauyen Dalijan. Mata sun cika inuwar dogon yaro da goyo, ka gwada kwalaben, ka ga sun mutu, ka rufe akwatin. Suka yi ta faɗa. Ka ce mini, "Malama Hadijatu, gara su zage ni yau da su rufe ɗa suna cewa ai an yi mai allura." Ka hau babur ka koma Gwandu cikin rana, ka kawo wani akwatin.

Shekaranjiya na tarar da kwalaben da za a kai ƙauyen Malisa manne da ƙanƙara. Na daskarar da guda yadda kake yi. Jiya na girgiza su gaban ɗalibaina. Tare suka kwanta. Na waiga in tambaye ka ko idona ya gani daidai, sai na ga kujerarka babu kowa. Na aika wa matan Malisa su dawo Alhamis. Ina tsoron wani jariri ya kamu kafin ranar, amma na fi tsoron in soka masa ruwan banza. Yau kowane ɗalibi ya ɗaura zare da hannunsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya kabarinka, Ya sa yaran da ka tsare su zame maka shaida. Ina yi wa mai ɗakinka Binta, da ƙanenka Garba, da jama'ar Kalgo ta'aziyya. Mu kuma Allah Ya kai jariran Malisa Alhamis lafiya. Amin.