Tawadar Ƙaro a Alƙalamin Oga

Lokacin da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, kowa da abin da ya lalace masa a hanya. Wani gadonsa, wani madubin matarsa. Shugaban sashenmu, wanda muke ce wa oga, alƙalaminsa ne, irin mai shan tawada, wanda da shi kaɗai yake sa hannu. Akwatin fayil ya danne shi a mota, bakin ya lanƙwashe.

Da na ji labari sai na gyara zama, don na san wurina za a kawo shi. Tun a Legas gyaran irin waɗannan alƙaluma ne abin sha'awata, kuma kaf ofishin da shi aka san ni. Ina da gwangwanin alewa cike da matsefata da reza da tsofaffin bakuna. In robar da ke riƙe tawada ta ruɓe, ta bawul ɗin keke nake yankowa in ɗaure da zare. A ɗakin da na kama a Jikwoyi, teburin wannan aiki na fara saya kafin kujera.

Sai oga ya tsallake ni ya miƙa wa masinjanmu, wani dattijo mutumin Zariya, ɗan gidan wanzamai, da aka ɗauka aiki a nan. Wai an ce masa dattijon yana da hannu. Ni da ƙafa nake aiki ke nan.

Ranar Asabar dattijon ya zo har ɗakina aron matsefata, ya ce gara ya yi aikin a gaban masani. Na ba shi wuri ina ta yaƙe. Ya miƙar da bakin a hankali tsakanin tsinke biyu, sannan ya ciro dutsen wasa aska na gado, ya ɗiga masa ruwa, yana goga bakin yana gwadawa a farcensa. Shekaruna nawa ina fama da takardar yashi ban taɓa samun laushi irin wannan ba. Wallahi baƙin ciki ya cika ni, har shayin da na haɗa masa sai da na ji ya yi yawa.

Da ya gama, sai ya ciro 'yar kwalba daga aljihu. Tawada ce ta hannunsa, irin ta rubutun allo, ya dafa ta da ƙaro har tana ƙyalli. Ya ce ba zai mayar wa babban mutum alƙalami ba komai a ciki ba, da ita zai cika shi don albarka. Na san ƙaro danƙo ne. A alƙalamin kara ba ya komai, amma a wannan, in ya bushe, sai ya toshe hanyar tawada ruf. Ya ɗago ya tambaye ni ko ta yi. Na ce baƙinta ya yi kyau. Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina.

Ranar Litinin alƙalamin ya yi rubutu. Ranar Laraba, a gaban baƙi, ya ƙi ko ɗigo. Oga ya wanke dattijon tas a bainar jama'a, ya ce kowa ya tsaya a aikinsa, ya turo mini alƙalamin. Kwana uku na jiƙa shi a ruwan ɗumi, ina zura gashin wutsiyar doki a hanyar tawadar har ta buɗe. Bakin kuwa ban taɓa shi ba. Oga ya gwada, ya ce bai taɓa jin santsi irin wannan ba, ashe gwani daban ne. Na ce na gode.

Da aka tashi, dattijon ya tare ni a wurin jiran mota, ya tambayi abin da ya ɓata. Na ce ƙaro ne. Ya jinjina kai, sannan ya ciro dutsen nan ya sa mini a hannu, ya ce shi ya bar gyaran alƙalami.

Na ce, "Haba Baba, ka riƙe abinka."

Ya ce, "A'a Malam, kai ya dace da shi. Rashin sani ne ya ja mana. Na san da ka sani, da ka gaya mini."