Na Canza Wandon Sale da Kwanon Sha

Jama'a, yau na bar ƙanena a jikin kura, wallahi ban sani ba!

Sale yana cikin Kurayen Birni, samarin Funtuwa masu zuba waƙa kamar surutu a kan kiɗan kaset, duk labarin tasha da layin sinima. Ashe sunan ba wasa ba ne. Tuɓewa suke su rikiɗa su zama kuraye, kayan jikinsu ke dawo da su mutane.

Da hantsi na tsinci wandonsa bayan rumbu, gwiwa a yage. Sai ga Mama Iyabo mai canza tsofaffin kaya da kwanuka. Na miƙa mata, ta ba ni kwanon sha.

Da azahar kura ta shigo tsakar gida, rediyo rataye a wuya! Na ƙwala ihu.

Ta ce, "Yaya Talatu, ni ne. Ina wandona?"

Na ce, "Ai tsumma ne!"

"Yayi ne! Ni na yaga shi!"

Na ruga tasha. Wai Mama Iyabo ta hau motar Danja.

Yanzu Sale yana ƙarƙashin rumbu yana rera waƙa da sunana. A kwanon nan na kai masa ruwa. Ko kallona bai yi ba.